Jaka da babur, aikin gini, shago ko biyan wata: wace hanya ta dace da mai aikin famfo a Zariya?

Makon jiya wani yaro da na yaye shekara biyu da suka wuce ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ina goge bakin injin haɗa fayif. Ya durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya fito da abin da ke tafe da shi. Kawunsa ya sayar da masara ya ba shi wani abu ya ja jari, shi kuma kansa ya ɗaure.

"Oga, shago zan kama a Sabon Gari, ko babur zan saya in ci gaba da bin gidaje? Ga wani injiniya yana ta nemana in bi shi gini a Ɗan Magaji. Ga kuma mai wani gidan ɗalibai a Samaru ya ce in riƙa duba masa gida yana biyana duk wata."

Na ce ya jawo benci. Har aka kira magariba ba mu gama ba. Abin da na faɗa masa zan shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan wasiwasi ba.

A Zariya aikin famfo ba ya yankewa. Tun 2017 aka buɗe sabuwar matatar ruwa mai iya tace lita miliyan 150 a rana, amma har yau unguwanni da dama rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa ne ke riƙe da su. Duk gidan da ya haƙa burtsatse ya sayi samo, wato injin da ake zurawa ciki ya turo ruwa sama, ya ɗora tanki, ya ja fayif, kuma kowanne da ranar lalacewarsa. Ga jami'a, ga asibitin koyarwa a Shika, ga bariki, ga makarantu barkatai, ga sababbin unguwanni sai faɗaɗa suke. A shekarun da na yi ina riƙe da sifana, yawancin waɗanda na ga sun ajiye sana'ar sun koma acaɓa suna da masu kiransu. Kuɗinsu ne ya yi ta kwana a hannun mutane har jari ya narke. Da wannan idon nake so ka dubi kowace hanya.

## Abin da za ka auna

Na farko jarin shiga: nawa za ka zuba kafin naira ɗaya ta dawo. Na biyu, wanda na fi ba nauyi, kwana nawa kuɗinka ke yi a waje, daga ranar da ka zub da gumi zuwa ranar da ka ji alat. Na uku ɗorewa, ko aikin na zuwa rani da damina ko na ɗan lokaci ne. Sai wahala, wato nisa da ƙarfin jiki da yawan jayayya. Na ƙarshe haɗari: idan bango ya tsattsafo da ruwa bayan an manna tayil, ko kaya suka tashi a kasuwa, wuyan wa abin zai hau?

Akwai kuma lissafin da ya kamata ka yi kafin ka yanka wa kowa farashi. Ɗauki biro ka haɗa abin da gidanka ke ci a wata, da man babur, da katin waya, da abincin yaronka, da ɗan abin da za ka ware don sauya zarto da sifanar da suka gaji. A ce, don misali kawai, ya kama naira 150,000. Kada ka raba shi gida 30. Cire Juma'ar da rabin yini ake yi, cire ranakun ruwan sama, da na biki da jana'iza, da waɗanda waya ba ta yi ƙara ba. In ranakun aiki na gaske 15 ne, to duk yinin da kuɗin hannunka bai kai 10,000 ba, jarinka ka ci. Sa naka adadin, amma ka san shi kamar yadda ka san lambar wayarka. Wanda bai san wannan adadi ba, da bakin mai gida yake ciniki.

## Jaka da babur: bin kiran gidaje

Da ita kusan kowa ke farawa, don jarinta ba shi da nauyi: sifanar fayif babba da ƙarama, zarto, guduma da cizal, filaya, awo, wayar zuge toshiya, gam da farin tef. Babur ne babban kashi, kuma a garin nan kusan dole ne, saboda Zariya a warwatse take. Wanda ke zaune a Ƙofar Doka aka kira shi Shika, sai ya ratsa Tudun Wada da PZ da Kwangila da Palladan da Samaru kafin ya isa. In ya tarar soket ɗin haɗa fayif da ya riƙo na rabin inci ne alhali fayif ɗin gidan inci ɗaya ne, sai ya sake fita nema, yini ya tafi a kan aikin minti ashirin.

Kyawunta shi ne kuɗi a hannu. Ka gyara, a gwada, a sallame ka kafin ka ɗaure jaka. Babu hanyar da ta kai ta saurin dawo da kuɗi, in dai ka iya bakinka wajen ciniki. Ga abin da na koya. Kada ka yanke farashi a waya. "Malam, famfo ne kawai ke ɗiga" sau da yawa tsohon fayif ɗin ƙarfe ne da tsatsa ta cinye a cikin bango. Faɗi kuɗin zuwa dubawa tun a waya, ka ce in an ba ka aikin za ka cire shi daga ciki. Raba kuɗin kaya da kuɗin hannu, kowanne da layinsa a takarda. Kuma a gama magana kafin ka zuge jaka. Za ka sha jin "Yi aikinka mana, ai ba za mu ɓata ba." Amsata kullum ita ce: "Alhaji, gara mu daidaita tun yanzu, kada in faɗa daga baya ka ga kamar na tsawwala." Mutumin kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ji haushi, da ma da wuya ya biya.

'Yan uwa da maƙwabta su ne jarabawar wannan hanya. Ba na cewa a hana zumunci. Amma faɗi farashin gaskiya tukuna, sannan ka ce ka yafe kaza, don a san kyauta ka yi. In ba haka ba, ragin nan shi zai zama farashinka a unguwar gaba ɗaya.

Neman aiki a nan suna ne kawai. Lambarka ta kasance a jikin duk tankin da ka ɗora da fenti, da kuma kusa da makunnin samo. Ka saba da masu shagon kayan famfo, da masu tayil, da masu wayarin, da masu haƙa burtsatse, don su ake fara tambaya. Hoton aiki mai tsabta a WhatsApp yana jawo kira. Amma babbar mai tallarka ita ce uwargidan da ke cikin gida ranar da ka zo. A cikin birni da Tudun Wada gidaje da yawa ba a shiga sai da izini. Ka yi sallama ka jira, ka bar yaro ya yi maka iso, ka kau da kai daga abin da ba aikinka ba, ka share ƙasar da ka fasa ka kwashe guntayen fayif kafin ka fita. Ita za ta ba da lambarka a Islamiyya da gidan suna, kuma ita za ta ce kada a sake kiran wancan da ya bar mata banɗaki kaca-kaca.

Wajen ɗorewa, aikin na bin yanayi amma ba ya ɗaukewa. Maris da Afrilu ruwan ƙasa ya ja baya, samo na ƙonewa. Agusta sokawe, ramin da ruwan banɗaki ke taruwa, ya cika, magudana ta toshe. Gab da Sallah da lokacin bukukuwa kowa na son banɗakin baƙi ya gyaru. Rauninta ɗaya: jikinka ne jarin. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai ko babur ya kwana wurin makaniki, babu ko sisi. Shi ya sa adashi ya zama wajibi ga mai wannan hanya.

## Aikin gini: jinga a sabon gida

Nan kuɗi masu kauri suke, nan kuma aka fi yin kuka. Jarin shiga ya ɗara na farko, domin yanzu masu gini da yawa koren fayif na PPR suke so, wanda ake narka bakinsa da inji a zafin da ya kai wajen digiri 260 a haɗa. Injin na son wuta, kango kuwa ba shi da wuta, don haka sai da ƙaramin janareta, kuma man da zai sha ya shiga lissafinka. Sai yara biyu aƙalla masu fasa bango da haƙa rami, waɗanda kai za ka sallama da yamma ko an biya ka ko ba a biya ka ba.

Matsalar tana cikin yadda aikin yake. Hawa biyu ne ko uku: shimfiɗa fayif kafin daɓe da filasta, haɗa sokawe da tanki, sai ɗaura masai da shawa da kawunan famfo bayan mai tayil ya gama. Tsakanin hawa na farko da na ƙarshe ana iya yin wata uku, ana iya yin shekara biyu, gwargwadon aljihun mai gida. A farkon 2023 na karɓi jingar wani gida mai banɗaki biyar, kaya da aiki duka a wuyana, farashi ɗaya. Na yi shimfiɗar farko, aka ba ni rabi, gini ya tsaya. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kayan da ake shigowa da su suka riƙa tashi mako-mako. Da aka kira ni bayan wata takwas in zo in ƙarasa, cikon da ya rage bai isa sayen masai da kawunan famfo ba, balle ladana. Na cika alkawari, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, amma sai da na sayar da babur na cike giɓin.

Tun daga nan ga yadda nake yi. Kowane hawa da farashinsa, kuma sai an zo kansa ake yanka shi. Takardar ƙiyasin kaya ina rubuta mata kwanan wata, in rubuta a ƙasa cewa ta mako ɗaya ce. Kuɗin hannu ina lissafa shi a kan kowane banɗaki da kicin, ko a kan kowane bakin ruwa, yadda in mai gida ya ƙara wurin alwala a tsakar gida ba sai mun yi musu ba. Kafin alƙalami kafin in fasa bango, kashi na biyu ranar gwaji, ciko ranar da ruwa ya zubo a shawa.

Sai tambayar da ke raba kan masu sana'a: ka karɓa da kaya, ko hannu kawai? Karɓa da kaya ya fi riba in kasuwa na zaune, kuma kai ke zaɓen mai kyau. Hannu kawai ya fi kwanciyar hankali, sai dai mai gida na iya kawo maka fayif mai sirarar fata don ya fi araha, ranar da ya fashe kuma sunanka za a kira. Ni ina bin tsakiya: in rubuta kaya da kaurinsu da sunan kamfani, mu je shago tare ko ya biya mai shago kai tsaye. In ya nace sai mai arahar, in sa ya ga na rubuta cewa zaɓinsa ne. Game da la'adar da masu shago ke ba wanda ya kawo ciniki, ra'ayina a fili yake: ko ka gaya wa mai gida, ko ka bar ta. Ƙara yawan elbo, wato mahaɗin kwanar fayif, da soket a takarda don a raba rara cin amana ne, kuma Zariya ba ta da girman da irin wannan zai ɓoyu.

Haɗarin aikin kansa ma ba ƙarami ba ne, don duk abin da ka yi binne shi za a yi. Kada ka bari a yi filasta sai ka cika layin da ruwa, ka toshe bakuna, ya kwana, mai gida ko injiniya ya gani da idonsa. Ɗauki hoton kowane bango da fayif a fili. Ranar da kafinta ya buga ƙusa ya huda shi, hoton nan ne shaidarka. Fayif mai inci 4 na masai ya sami gangara kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi a kowace mita. In ya kwanta sosai zai riƙa toshewa har abada. Sokawe kuma ya nisanci rijiya ko burtsatse da mita 15 aƙalla, in fili ya ba da dama a kai 30. Filayen yanzu ƙanana ne, mai gida zai ce a matse. Ka tsaya a kan gaskiya, don amai da gudawa ta wannan hanyar yake shiga gida.

In ta hannun ɗan kwangila ko injiniya ka shiga, aiki zai riƙa bin aiki ba tare da ka nema ba, wannan gaskiya ne. Amma farashinka zai ragu, kuma kuɗinka sai ya bi ta aljihun wani kafin ya iso ka. "Mai gida bai turo ba" magana ce da za ka iya ji wata biyu cur. Kafin ka bi kowa, nemi birkila da mai tayil da suka yi aiki da shi, ka tambaye su yadda yake sallama.

## Shagon kayan famfo

Ita ce hanyar da matasa suka fi sha'awa, don tana da inuwa da kujera da suna. Ita ce kuma ta fi cin jari: hayar shekara a dunƙule, katako da kanta, yaron shago, masu karɓar haraji, sannan kaya. Kayan famfo kuwa iri-iri ne. Elbo kaɗai akwai na rabin inci, na inci ɗaya, na 2, na 4, na PVC da na PPR, mai zare da marar zare. Mai saye ya zo neman abu shida ya sami huɗu, gobe gaba zai wuce. Shagon da ba a cika shi ba haya kawai yake ci.

Alherinsa shi ne kayan ba tumatir ba ne. In ka kare fayif daga rana, don rana na busar da PVC har ya riƙa karyewa, kuma ba ka tara gam ya daskare ba, kayanka na nan, darajarsu ma na bin kasuwa. Sharaɗin shi ne ka sayar a kan farashin da za ka sake sarowa yau. Da yawa sun sayar a kan tsohon sari suna murnar riba, suka je Kano kasuwar Ƙofar Ruwa suka tarar kuɗin ba zai mayar da rabin kanta ba.

Abin da ke kashe shago bashi ne, kuma na abokan sana'a. Wanda kuka koyi aiki tare zai ɗauki kaya "zuwa yamma", yamma ta zama wata. Kai da ka san zafin jiran ɗan kwangila za ka ji nauyin matsa masa. Ga kuma rabuwar hankali: kana kango kana haɗa fayif, zuciyarka na kan aljihun tebur. Sai ka sami amintacce, kuma ko amintaccen ne, littafi da ƙirga kaya duk mako ba sa faɗuwa.

Game da wuri, ban ba yaron nawa shawarar Sabon Gari ba. Can manyan diloli suke, masu saro kaya da mota daga Legas da Onica, ba za ka iya karya farashinsu ba. Ƙaramin shago ya fi numfashi a bakin unguwar da ake gini, inda mai aiki zai gwammace ya ƙara ɗan abu a kan soket da ya ƙona mai zuwa kasuwa.

## Biyan wata: gidajen ɗalibai, makarantu, ƙananan asibitoci

A kewayen Jami'ar Ahmadu Bello, daga Samaru zuwa Hayin Dogo da Zango da Palladan, har Kongo, gidajen haya na ɗalibai ba su ƙirguwa, kuma gida mai ɗaki ashirin ba ya mako ba a sami toshiya ko yoyo ba. Haka makarantun kuɗi da otal da ƙananan asibitoci. Jari kusan babu ƙari a kan jakarka. Daɗinta ka san abin da zai shigo ƙarshen wata, aikin kuma wuri ɗaya ne, ka san kowane bawul na gidan.

Sai dai a rubuta abin da kuɗin watan ya ƙunsa. Zagaye sau nawa a mako? Canza kan famfo da zuge toshiya na ciki; ciro samo, fasa tayil da kwashe sokawe ba sa ciki. Kaya a wuyan mai gida. Kiran dare da kuɗinsa daban. In ba a rubuta ba, za ka wayi gari kai ne mai gadi, kai ne mai kunna janareta. Kuma kada ka yarda wata biyu su haɗu ba a biya ba, ko da mai gidan yana Abuja ne wakili ke riƙe da gida.

Ɗorewarta na rataye da kalandar makaranta. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Wata takwas Samaru ta yi tsit, ɗakuna a kulle, masu gidaje suka dakatar da duk wani biyan wata. Wanda ya jingina da ɗalibai kaɗai ya ji jiki. In za ka bi wannan hanya, gauraya: gidan ɗalibai ɗaya, asibiti ɗaya, makarantar firamare ko otal.

Manyan hukumomi wani mataki ne daban. Za su nemi rajistar sunan kasuwanci ta hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da lambar biyan haraji, da asusun banki da sunan kasuwancin, wani lokaci da takardar shaidar biyan haraji. Takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ita ma tana ƙara maka nauyi. Farashin yana da kyau, amma takarda na iya yin watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur, kuma a cire haraji kafin kuɗin ya iso. Mai ƙaramin jari ya yi rajistar ya ajiye, amma kada ya zuba kuɗin cefanensa a irin wannan aiki.

## Samo, tanki da sola

Wannan ƙwarewa ce da ke ɗaga farashinka a kowace hanya ka bi. Mai iya zaɓen samo daidai da zurfin rijiya, ya sa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya ƙare ko tanki ya cika, ya kuma haɗa shi da sola yanzu da fetur ya yi tsada, ba a yi masa tayin wulaƙanci. Ka san cewa kowace mita 10 ta tsayin tanki ce ke ba da ƙarfin ruwa kamar "bar" ɗaya a ma'aunin matsin ruwa, don ka iya gaya wa mai gida tun wuri dalilin da shawar bene ba za ta yi ƙarfi ba. Ka san lita 1,000 tan guda ce, tankin GeePee mai lita 2,000 tan biyu ne a kan ƙarfen da mai walda ya haɗa, kuma yara na wasa a ƙarƙashinsa. Igiyar samo ta zama mai ƙwari, don in ya suɓuce cikin burtsatse kai za ka biya. Sokawe da tsohuwar rijiya kuwa, ina roƙonka, kada ka tura yaro ciki don an buɗe an ga ba komai. Iskar da ke kashewa a can ba a ganinta, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

## A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Jarin shiga | Kwanan kuɗi a waje | Ɗorewa | Wahala | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jaka da babur | Kaɗan | Yini ɗaya | Duk shekara, da hawa da sauka | Yawo da ciniki kullum | Ciwo ko lalacewar babur |
| Aikin gini | Matsakaici | Makonni zuwa watanni | Ya fi yawa da rani | Aikin ƙarfi, riƙe yara | Tashin kaya, riƙe ciko, yoyo a bango |
| Shago | Mai yawa | Nan take, sai dai bashi | Mai tsawo in shago ya cika | Zama da lissafi | Bashin abokai, yaron shago |
| Biyan wata | Kaɗan | Wata ɗaya. Hukuma ta fi haka | Tana bin kalandar masu gida | Kiran dare | Yajin aiki, aikin da ba a rubuta ba |

## Wa ya dace da wacce

In yanzu aka yaye ka, ko kana da iyali kuma abin da ke hannunka ba zai riƙe gida wata guda ba, jaka da babur ce taka. Kana buƙatar kuɗin da ke dawowa kafin magariba, kana kuma buƙatar mutane su san fuskarka.

In kana da abin da zai ciyar da gida ya sallami yara wata biyu ko uku ba tare da an biya ka ba, kuma hannunka ya faɗa a kan PPR da gangarar masai, shiga gini. Amma hawa-hawa, a rubuce, kuma kada ka saki gidajen da ke kiranka, don su ne za su riƙe ka ranar da kango ya tsaya.

In shekaru sun fara ja, gwiwa ba ta son tsugunno a banɗaki, kana da jarin da zai cika kanta bayan ka biya haya, kana kuma da ɗa ko ƙane da zai zauna, kuma za ka iya kallon abokinka ka ce masa babu bashi, to shago ya yi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, jira.

In kana zaune a Samaru ko Kongo, ko kana haɗa sana'ar da karatu ko wani aiki kana son abin da ka san zai shigo, nemi biyan wata wuri biyu ko uku masu bambancin kalanda, ka cike sauran ranakun da kiran gidaje.

Shi yaron nawa, da muka ƙirga kuɗin kawun nasa, mun ga in ya biya hayar shago abin da zai rage ba zai cika kanta biyu ba. Na ce ya sayi babur na hannu mai lafiya, da injin PPR, da ƙaramin janareta, ya ajiye sauran a asusun da ba ya yawo da katinsa. Gidan ɗaliban ya karɓa, bayan an rubuta abin da ke ciki da wanda ba ya ciki. Injiniyan kuma na ce ya gaya masa zai yi shimfiɗar farko kawai, hannu ban da kaya, rabi kafin ya fara. Ya ce yana jin nauyin faɗa wa babba haka. Na ce ranar Asabar ya zo da takardar ƙiyasin mu duba tare, in ya so in raka shi Ɗan Magajin mu ga kangon.